Yadda na gyara makin DEA da ya rikice min

Ina auna ƙwazon rassan wata ƙungiya ne da DEA (Data Envelopment Analysis), dabarar lissafi ta Charnes, Cooper da Rhodes ta 1978, mai kwatanta abin da reshe ya kashe da abin da ya samar. Ina zuba sabbin alƙaluma kawai sai rassan da ke da maki 1, wato cikakken maki, suka zube, wasu ko rabi ba su kai ba alhali aikinsu bai canza ba, abin ya dame ni sosai don da makin nan za a yi wa mutane hukunci.

To ita DEA ba ruwanta da matsakaici, da zakaru take auna kowa, in lambar zakara ɗaya ta ɓaci duk na bayansa sun shiga uku. Sai na dinga cire reshe ɗai-ɗai ina sake lissafi, ina cire wani komai ya dawo daidai. Ashe albashinsa a dubbai aka shigar, na saura kuma cikakke, sai ya fito kamar kyauta yake aiki. Da na kowa aka mayar dubbai ba matsala, makin ba zai motsa ba, amma reshe ɗaya tak? Na mayar masa da sifilinsa uku. Yanzu duk sabon data sai na jera shi gefen na bara na ga wa ya yi tsalle kafin in taɓa lissafi.