Kurakuran da ke dusar da sheƙin jirgin shaƙatawa a kogin Isa, da yadda ake gyara su

Jirgin shaƙatawa da aka ƙera da faiba, wato zaren gilashi da aka haɗa da ƙaro, yana da wata fata ta waje mai santsi da ake kira jelkot, wadda ita ce ke ɗauke da launi da sheƙin da ido ke gani, kuma ita ce ke kare jikin jirgin daga ruwa da rana. Kaurinta bai wuce rabin milimita ba, ko abin da ya ɗara haka kaɗan, kuma duk abin da aka kankare daga jikinta ba ya dawowa. Wannan ne ya sa mai ƙwazon gogewa ba bisa ƙa'ida ba yakan fi mai sakaci yi wa jirgi ɓarna. Ga kuma wata matsala ta daban: umarnin da ke rubuce a jikin gwangwanayen man gogewa galibi an yi shi ne domin jiragen teku a Turai da Amurka, inda gishiri ne babban abin tsoro, alhali mu a Yamai abin da ke cin jikin jirgi shi ne ƙurar hunturu da zafin bazara da jan ruwan damina.

Kuskuren da ya fi kowane yawa, kuma wanda aka fi rainawa, shi ne share ƙura da busasshen tsumma. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu jirgin da aka wanke da yamma zai wayi gari da ƙura lulluɓe da shi, sai yaron da ke kula da shi ya ɗauko tsohuwar riga ya bi shi da shafa kafin maigida ya iso, da kyakkyawar niyya, domin kada a ce bai yi aiki ba. Ita kuwa wannan ƙura, duk da laushinta a hannu, tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi jelkot tauri, saboda haka kowace shafa tana barin zane siriri a jikin jirgin. Idan mutum ya haska tocila a gefen jirgin da dare zai ga zanen sun yi da'ira-da'ira kewaye da hasken, kuma su ne ke sa jirgi mai launin shuɗi ko ja ya koma fari-fari da rana ko da an shafa masa kaki. Gyaran shi ne a fara kwarara ruwa daga sama zuwa ƙasa har ƙurar ta sauka da kanta, sannan a sa hannu. A tanadi bokiti 2, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraye soso, domin yashin da soson ya kwaso ya zauna a ƙasan bokiti na biyu. Tsumman da ya faɗi a yashin gaɓa ba ya sake hawa jikin jirgi sai an wanke shi. Ya kamata kuma maigida ya faɗa wa yaronsa da bakinsa cewa ya fi son ya tarar da jirgin da ƙura a kan ya tarar da shi a share, domin in ba a faɗa masa ba, ba zai daina ba.

Sabulun da ake wankin da shi ma yana da nasa laifi. Omo da sabulun wanke kwanoni an yi su ne domin su cire maiƙo, shi ya sa suke gaggauta wanke kakin da aka sha wahalar shafawa, ruwan jabel kuwa, wato ruwan da ake sa wa tufafi su yi fari, yana ƙara da cin roba da zaren ɗinkin kujeru. Sabulun wanke mota mai sauƙi, wanda ake samu a wurin masu sayar da kayan mota, ya isa.

Bayan wanki sai kuskuren shafa kaki a kan fatar da ta riga ta mutu. Rana tana cin saman jelkot sannu a hankali har ya zama gari, kuma gane hakan ba shi da wuya: a shafa tafin hannu a gefen jirgin bayan ya bushe, idan hannun ya fito da farin gari kamar alli, ko tsumma ya ɗauko launin jirgin, to saman ya mutu. Kakin da aka ɗora a kan wannan gari zai ba da sheƙi na ɗan lokaci, sannan ya dushe ya bar dabbare-dabbare. Rikicin yana tasowa ne daga ɗaukar abubuwa 3 a matsayin abu ɗaya. Akwai man kankara mai kaushi, wanda ke cire mataccen saman. Akwai man gogewa mai laushi, wanda ke share zanen da na farkon ya bari ya fito da sheƙi. Sai kuma kaki, wanda aikinsa kawai ya rufe abin da aka gyara ya kare shi. Ana bin su ne a jere, kuma ba kowane jirgi ne ke buƙatar na farkon ba. A zaɓi wuri kaɗan a bayan jirgin inda ido ba ya yawan kaiwa, a gwada mai laushin tukuna, idan sheƙi ya dawo to babu dalilin taɓa mai kaushin.

A nan ne ake yin ɓarnar da ba ta da magani sai sabon feshi. Wasu sukan ɗaura soson gogewa a bakin injin yankan ƙarfe na masu walda, wanda ƙaraminsa ke juyawa fiye da sau 10,000 a minti ɗaya, alhali aikin jelkot yana son abin da bai wuce juyi 1,200 zuwa 1,800 ba. Da irin wancan gudu fatar takan yi zafi ta ƙone cikin ƙiftawar ido, musamman a kusurwoyi da bakin gefuna, inda dama ta fi siranta. Ko da injin da ya dace ne, a riƙa ɗaukar wurin da bai wuce santimita 60 a tsawo da faɗi ba, a kwantar da soson a jikin jirgin kada a ɗaga shi a gefe ɗaya, kuma kada a tsaya wuri guda. Idan aka fara hango duhu-duhu yana leƙowa daga ƙarƙashin launin, faibar ce ta kusa bayyana, sai a dakata nan take. A ganina, jirgin da sheƙinsa ya ɗan ragu amma fatarsa na da kauri ya fi wanda ke ƙyalli da fatar da ta kusa ƙarewa daraja, domin na farkon yana da sauran shekarun gyara a gabansa. Shi ya sa ba na goyon bayan al'adar sa man kankara mai kaushi duk shekara kamar wani farilla.

Lokacin aikin ma ana yawan kuskure shi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40, jikin jirgi mai duhun launi kuwa yakan yi zafin da hannu ba zai iya zama a kansa ba, kuma kakin da aka shafa a irin wannan hali yana bushewa kafin a baza shi, ya manne, sai an danna da ƙarfi kafin ya fita, dannawar kuma ta bar sabon zane. A yi aikin a inuwa, bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga ko bayan la'asar sakaliya, a hunturu kuma a guji ranar da iska ke kaɗawa, domin ƙurar da ta sauka a kan jiƙaƙƙen kaki za a goge ta ne a jikin jirgin. Shafa ɗaya siririya ta fi mai kauri amfani, tunda abin da ke mannewa kaɗan ne, sauran duk tsumma ne ke kwashe shi. Idan kakin ya yi hazo-hazo sai a ja yatsa a kai: in wurin ya fito fes lokacin gogewa ya yi, in ya bar maiƙo a ƙara jira.

Jan layin da ke fitowa a daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi matsala ce tamu ta nan. A watannin Agusta da Satumba rafukan Sirba da Dargol da Goruwal, waɗanda ke gangarowa daga wajen Burkina Faso, sukan zubo wa kogin jan laka har ruwan ya sauya launi, saɓanin cikowar da ke isowa daga Gine wajen watan Janairu, wadda ruwanta ya fi tsabta. Wannan laka tana shiga ƙananan ramukan jelkot ɗin da kakinsa ya ƙare ta rina shi, sai a ga mutane na dirje ta da soson ƙarfe ko yashi ko toka, abin da ke ƙara buɗe ramukan ya sa tabon gaba ya fi kamawa. Abin da ke cire irin wannan tabo shi ne ruwan wanke jikin jirgi mai sinadarin oksalik, wanda ake shafawa a bar shi mintoci kaɗan ya narkar da launin ba tare da dirza ba, sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa. A sa safar hannu, a kare ido, a kuma kiyaye kada ya zauna a kan ƙarfen tirelar da ke ɗaukar jirgin, domin yana cin farin rufinsa. Wajibi ne a fitar da jirgin daga kogi a yi wannan aiki a tudu, nesa da gaɓa, saboda ruwan nan shi ne masu wanki ke tsayawa a ciki, shi masu lambu ke ban ruwa da shi, daga cikinsa kuma masunta ke kamo kifin da muke ci. Sinadarin yana tafiya da kakin wurin, don haka sai an sake shafawa kafin jirgin ya koma ruwa.

Ba a shafa kaki a daɓen da ake takawa mai ƙurzunu-ƙurzunu, domin an yi shi haka ne saboda kada ƙafa ta zame, haka nan ba a shafa shi a ƙasan jirgin da aka yi wa fentin hana gansakuka. A lokacin da kogi ya ja baya a Mayu da Yuni kuma, masu zuwa yawon Bubon, wani ƙauye a bakin kogi kusa da Yamai, sukan ja jirgi su ɗora shi a kan tudun yashi, wanda ke karce ƙasansa. Tsohuwar taya ko tabarma a ƙarƙashin goshin jirgin tana rage wannan.

Saura batun yawan shafawa. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil, yana ba da sheƙi mai kyau amma ba ya daɗewa a rana irin tamu, na haɗin masana'anta ya fi shi jurewa. Maimakon bin adadin watannin da aka rubuta a gwangwani, a watsa ruwa a gefen jirgin bayan wanki: idan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangara, kakin na nan, idan ya baje ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi, kuma saman jirgin da ke fuskantar rana ne zai riga gefuna nuna alama. Rufe jirgi yana tsawaita kwanan kaki ƙwarai, sai dai tampol ɗin leda da aka shimfiɗa kai tsaye a kan jirgi mai ƙura yana gugar jikinsa duk lokacin da iska ta kaɗa, yana kuma tara zafi da gumi a ƙarƙashinsa. Rumfa ta fi, idan kuma babu, a wanke jirgin ya bushe tukuna, a sa mayafin yadi mai laushi a ƙasa, a ɗaga tsakiyar tampol ɗin da sanda domin iska ta riƙa ratsawa, a ɗaure igiyoyinsa tamau ta yadda ba za su taɓa gefen jirgin ba.