Yadda mai juna biyu za ta kare kanta daga cutar toksoplasma

Ƙwayar Toxoplasma gondii tana shiga jiki ta baki: daga naman da bai dahu ba, ganyen da ba a wanke ba, ruwa mara tsafta, ko ƙasar da kashin kyanwa ya taɓa. Yawancin mata ba sa jin komai, sai ɗan zazzaɓi ko kaluluwa a wuya, amma tana iya ratsa mahaifa ta lalata ido da ƙwaƙwalwar jariri. Kamuwa a watanni 3 na farko ta fi yin ɓarna.

Ki dafa nama har cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Selsiyos, babu sauran ja a tsakiya. Kada ki ɗanɗana kafin ya nuna. Wuƙa da katakon yanka a wanke su da sabulu da ruwan zafi, hannu ma haka.

Ba sai kin rabu da kyanwarki ba. Kashinta ba ya zama mai yaɗa cuta sai bayan kwana 1 zuwa 5, don haka wani ya riƙa kwashe shi kullum. In dole ke ce, sa safar hannu, haka ma wajen aikin lambu.

In kina zargin kamuwa, nemi gwajin jini na IgG da IgM (sinadaran garkuwar jiki da ke nuna ko an kamu da cutar) da wuri. Likita na iya ba da spiramycin, wani maganin yaƙar ƙwayar cuta.