Ka kwana amma ka tashi kamar an daka ka a turmi: yadda za ka bi diddigin abin

Kullum da sahe ana tambayarmu ina kwana, ina gajiya, mu ce lahiya lau, babu gajiya. To amma wallahi da yawa daga cikinmu a Yamai ɗin nan da gajiyar muke tashi. Ladan ya kira sallar asuba kana jin sa sarai amma jiki ya ƙi ɗaguwa, kai ya yi nauyi, baki ya bushe, wani har zuciyarsa na tashi, ka yi wanka ka sha shayi duk da haka kamar ba ka runtsa ba. In na kwana ɗaya ne ko biyu, bayan biki ko doguwar tahiya a mota, wannan ba wani abu ba ne, gajiya ce za ta bi lahiya. Wanda nike magana a kai shi ne wanda ya zauna maka sati biyu, uku, wata guda, kullum sai ka tashi a haka.

Abin da ya sa na damu da zancen, ni ma ya taɓa cin ni kusan wata uku. Duk wanda na gaya wa sai ya ce palu ce, ni ma na yarda, sau biyu ina sayen maganin palu ba tare da an gwada jinina ba, na shanye, ba abin da ya canza. Ran nan uwargida ta ce min, "Malam, kai fa ba palu ke damunka ba. In kana barci numfashinka ɗaukewa yake yi, sai na taɓa ka sannan ka ja shi da ƙarfi." Washegari na tahi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarmu, majo ya ɗaura min abin awo ya ce tansiyo 16/10, wato jinina ya hau. Da na ci gaba da bin maganin palu Allah kaɗai ya san inda abin zai kai ni.

Saboda haka abu na farko, dan Allah a daina kiran kowace kasala palu. Palu gaskiya ce kuma tana kisa, musamman daga watan Yuli zuwa Oktoba lokacin da sauro ya yi yawa, amma gwajinta ba wuya, TDR ɗin nan da ake tsaga ɗan yatsa minti 15 zuwa 20 an gama. In akwai zahin jiki ko sanyi da rawar ɗari, je ka gwada a ranar, kada ka jira. In gwaji ya ce babu, to ka yarda babu, ka nemi dalili a wani waje, shan maganin da ba na ciwonka ba asarar kuɗi ce kuma yana rufe maka ido daga ainihin abin.

Sai ka samu ɗan karne ko ka buɗe waje a salularka, sati biyu kana rubutawa: ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa ka tashi, sau nawa ka farka cikin dare kuma mi ya tada ka, fitsari ne ko zahi ko tunani ko tari, mi ka ci mi ka sha bayan magariba, da yadda ka ji da sahe. Kamar wasa ne amma yawancin mutane a nan suke kama ɓarawon. Babban mutum na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Yanzu ka lissafa da kanka, wanda ya zauna fada har ƙarfe 1 na dare, ya shiga ɗaki ya ƙara rabin awa a TikTok da WhatsApp, ya tashi asuba ƙarfe 5 da ƴan mintuna, awa nawa ya samu? Ko huɗu bai cika ba. Wannan ba ciwo ke gare shi ba, bashin barci ne ya taru masa, kuma ba bitamin ɗin da zai biya shi.

Ga kuma shayin fada. Ni ban ce a bar shayi ba, amma a san abin da ke ciki. Sinadarin da ke wartsake mutum a shayi da Nescafé da goro da lemunan ƙarin kuzarin nan na gwangwani, bayan kusan awa 5 rabinsa na nan cikin jini bai hita ba. Ka sha na farko mai ɗaci ƙarfe 10 na dare, ko barci ya ɗauke ka ba zai yi nauyi ba, sama-sama za ka yi shi. Wasu na cewa ai ni ko na sha ina barcina, eh kana yi, amma dubi yadda kake tashi. Gwada mai da shayinka na ƙarshe zuwa la'asar na sati biyu ka gani. Haka cin tuwo mai nauyi ko soye-soye da yaji ka kwanta nan take, shi ke sa ƙwannafi ya taso cikin dare ka tashi da ɗacin baki da maƙogwaro a shaƙe, a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin abinci da shimfiɗa. In dare ya gajarta maka dole saboda aiki, ɗan ƙailula na minti 20 ko 30 bayan azahar na taimakawa, amma ba barcin la'asar har magariba ba.

Daga nan dubi ɗakin da kake kwana. A Afrilu da Mayu rana na wuce digiri 40 a Yamai, bango da kwano su riƙe zahin har tsakar dare, in an ɗauke wuta fanka ta tsaya sai mutum ya kwana yana zuba gumi, ya tashi jiki ba ruwa, kai na sarawa. Fitsarin sahe zai gaya maka, in ya yi ja sosai kuma kaɗan ne, ruwa ya yi maka ƙaranci. Sha ruwa tun da rana a kai a kai, ba ka tara shi sai lokacin kwanciya ba. Masu kwana waje a ɗaura sange, cizon sauro kaɗai ya isa ya yanka maka barci gida goma ko da bai sa maka palu ba.

Na lokacin sanyi shi ya fi ban tsoro kuma ba a cika maganarsa ba. Disamba da Janairu, musamman can wajenmu Tawa inda hunturu ke busawa da gaske, sai a shigo da kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga, ko a bar garwashin shayi ko na turaren wuta yana ci a hankali, wasu kuma gurup, wato injin ba da wuta, suke tadawa a lungun da ke manne da ɗakin kwana. Gawayin da ke ci a rufaffen waje yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari ba ta da kala, ba za ka san tana nan ba. Alamarta: duk mutanen ɗakin su tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya tare, in sun hita waje sun sha iska su ji dama. In ka ga haka kada a sake kwana da wuta a ɗakin ko sau ɗaya, domin iskar nan tana kashe mutane cikin barci. In wani ya kasa farkawa sosai a fitar da shi waje a yi likita da shi nan da nan.

Yanzu tambayi wanda ke kwana kusa da kai, mata ko miji ko ɗan ɗakinku, domin akwai abin da kai ba za ka taɓa sani ba. Kana minshari? Mu mun ɗauki minshari alamar barci mai daɗi, har dariya ake yi wa mai yin sa, alhali wani minsharin ciwo ne. Hanyar iska a maƙogwaro ce ke rufewa, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tada mutum ya ja iska ya koma, kuma hakan na iya faruwa sau da yawa cikin awa guda shi bai sani ba. Sai ya tashi da ciwon kai da busasshen baki, da rana yana gyangyaɗi a biro, a masallaci lokacin huɗuba, wani har a kan babur ko sitiyari, wanda wannan kam hatsari ne ga kowa. Ya fi kama masu ƙiba da kaurin wuya da maza da suka manyanta, amma siriri ma na iya samu, kuma yana tahiya tare da hawan jini. Abin da za ka iya yi tun daga yau: kwanta a gefe ba rigingine ba, rage nauyi in akwai, bar taba da giya da ƙwayoyin sa barci domin suna ƙara tsananta abin. Sannan ka gaya wa lokotoro da bakinka cewa numfashinka na ɗaukewa, zai iya tura ka wajen masu duba hanci da maƙogwaro ko na huhu, akwai ma na'urar da ake sawa a hanci da dare ga wanda nasa ya yi tsanani.

In ka gyara dare sati biyu ba canji, to lokacin analiz ya yi. Tansiyo tukuna, ko a farmasi ana aunawa, in ana samun 14/9 ko sama a ranaku daban-daban to hawan jini ne, kuma sau da yawa ba ya ba da wata alama. Sai sukari, a je da sahe ba a ci komai ba na aƙalla awa 8, in ya kai 1,26 g/l ko ya wuce a gwaji biyu to ciwon sukari ne. Wanda ke tashi fitsari sau uku huɗu cikin dare, ga ƙishirwa, ga rama ba dalili, kada ya tsaya. Wanda kuma ya riga yana kan maganin sukari in yana farkawa jiƙe da gumi da rawar jiki da ciwon kai, mai yiwuwa sukarin faɗuwa yake cikin dare, ya koma wajen wanda ya rubuta masa maganin.

Ƴan uwa mata, ku naku kason ya fi yawa a nan wajen, ƙarancin jini. Haihuwa kusa-kusa, al'ada mai zuba da yawa, palu, tsutsar ciki, ga aikin gida tun asuba har dare, sai mace ta yi shekaru tana jin jiri da bugun zuciya da haki in ta ɗan yi tahiya, ana ce mata ragwanci ne ko kuma ita da kanta ta ce haka jikinta yake. Ba haka yake ba. Ja fatar idonki ta ƙasa ki duba a madubi, dubi tahin hannu, in sun yi fari fat alama ce. Yawan sha'awar cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara ma alama ce. Awon jini shi ke tabbatarwa: ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai ciki, ƙasa da 13 ga namiji, jini ya yi kaɗan. Hanta, nama, kifi, wake, zogale da ɗan lemun tsami a kai duk suna taimako, kuma a raba shayi da abinci da aƙalla awa guda domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke gina jini. Amma a nemi inda jinin ke tahiya, ba a tsaya ga siro kawai ba. Mai ciki ta riƙe ƙwayoyin ƙarin jinin da ake ba ta wajen awo. Wadda kuma al'adarta ta yi jinkiri tana tashi da kasala da tashin zuciya, gwajin ciki ne farko kafin ta haɗiyi kowane magani.

Tari da ya wuce sati 2 da gumin dare da rama, a je a gwada majina, tarin fuka na warkewa kuma maganinsa kyauta ne. Kasala da jin sanyi da ƙiba ba dalili, ko kumburi a wuya irin na maƙoƙo, a faɗa a duba. Ciwon hanta da ƙanjamau ma kan fara da gajiya shiru, gwaji ba abin kunya ba ne.

Akwai wanda duk analiz za su fito lahiya amma shi ya san ba lahiya ba. Yana farkawa ƙarfe 3 na dare tunani ya hana shi komawa, kuɗin haya, bashi, rashin aiki, rasuwar da ba ta sake shi ba, rigimar gida, safiya ta fi masa kowane lokaci nauyi, abin da da yake so yanzu bai dame shi ba. Wannan ciwon damuwa ne, ba raunin imani ba ne kuma ba hauka ba ne, ana addu'a ana kuma neman magani. In ya kai sati 2 a gaya wa lokotoro kai tsaye, in har tunanin mutuwa ko cutar da kai ya fara zuwa to a gaya wa wani na kusa a ranar, kada a kwana da shi.

Kada ka manta da abin da kake haɗiya. Tramol da samari ke sha don ƙarfin aiki, ƙwayoyin ƙiba da wasu ƴan mata ke saye a bakin titi, maganin mura mai sa barci, diyazefam, duk suna barin mutum da mayen sahe. Wanda ya daɗe yana shan tramol ko diyazefam kada ya yanke dare ɗaya, a rage masa a hannun likita.

Wasu alamun kuma ba a rubuta su a karne a jira sati biyu. Ka tashi gefe ɗaya na jiki ya saki, baki ya karkace ko magana ta sarƙe. Ciwon ƙirji mai danna kamar an aza dutse. Numfashi na gagara in an kwanta ga ƙafafu a kumbure. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya musamman lokacin rani da sanƙarau ke yawo. Mai ciki da ciwon kai mai tsanani da kumburi da ganin dishi-dishi. Waɗannan a nemi mota ko kabu-kabu a tahi asibiti a take, ko ƙarfe nawa ne.

Ran da za ka je ganin lokotoro, tahi da karnen nan, da kwalayen duk magungunan da kake sha har da na gargajiya, in da hali da wanda ke ganin barcinka. Kada ka ce kawai jikina ba daɗi. Ka ce wata biyu ke nan ina kwanciya ƙarfe 11 ina tashi 5 da rabi, ina fitsari sau uku, an ce ina minshari numfashi na tsayawa, na yi gwajin palu babu. Ni da na je da irin wannan bayanin, kafin in gama majo ya riga ya ɗauko abin awon tansiyo.