Yadda Ake Ɗanɗana Tabar Siga Mai Naɗin Hannu a Gane Ingancinta

Tabar siga (cigar a Turance) ta ƙwarai ganye ce zalla, babu takarda a jikinta, babu audugar tace hayaƙi, kuma da hannu ake naɗa ta daga kashi uku: dogayen ganyayen ciki, ganyen ɗauri da ke riƙe su, da ganyen rufi na waje. Mai son ya yanke wa kara hukunci na adalci dole ne ya rarrabe aikin mai naɗi da ɗanɗanon ganye da ƙarfin nikotin, domin kowannensu yana iya yin kyau ɗayan ya gaza. Haka kuma sau da yawa laifin da ake ɗora wa taba na mai ajiya ne, ko na mai shan da ya cika gaggawa.

Saboda haka aikin yana farawa tun kafin a taɓa ashana. Ana ajiye siga a akwatin da aka shimfiɗe cikinsa da katakon sida, a laimar da ba ta gaza kashi 65 ba kuma ba ta wuce 70 cikin 100 ba, da zafin da ke kusa da digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas. Karan da ya bushe yakan ci wuta da sauri ya yi ƙauri, wanda ya jiƙe kuma yakan toshe, ya riƙa mutuwa, ya yi ɗaci. Idan sabon saye ne, a bar shi ya huta mako biyu ko fiye a akwatin. Shi ma mai ɗanɗanon ya ci abinci marar yaji tukuna, ya guji turare mai ƙarfi, ya ajiye ruwa kawai a gefensa. In da hali, wani ya cire zoben takardar da ke ɗauke da sunan kamfani ya maye gurbinsa da lamba. Mujallar Cigar Aficionado ta Amurka, wadda ta fara fitowa a 1992, haka take yi kafin ta ba da maki cikin 100, kuma dalilin a fili yake: wanda ya ga shahararren suna irin Cohiba ko Montecristo a jikin kara ya riga ya yanke rabin hukunci da idonsa.

Daga nan sai dubawa a wuri mai haske. Ganyen rufi mai kyau launinsa ɗaya ne daga kai har gindi, jijiyoyinsa sirara ne, layin naɗin ya kwanta har da ƙyar ake ganinsa, kuma yakan nuna ɗan maiƙo idan an juya shi. Ba dukkan kaushi ne aibi ba, domin ganyen rufin Kamaru an san shi da ƙananan ƙuraje kamar tsaba, alhali na jihar Connecticut ta Amurka da ake nomawa ƙarƙashin inuwar yadi santsi gare shi da launin ƙasa mai haske. Abin gudu shi ne tsaga, da fumfuna mai gashi-gashi, da ƙananan ramuka zagayayyu kamar hujin allura, waɗanda ke nuna ƙwaron taba ya shiga. Duhun launi ba shaidar ƙarfi ba ne. Ganyen da ake kira maduro ya yi duhu ne saboda an daɗe ana turara shi a tsibi, kuma abin da yakan kawo shi ne zaƙi-zaƙi irin na koko.

Sai a ɗan matsa karan tsakanin babban yatsa da manuni, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya kamata ya ɗan lotsa ya koma yadda yake. Wuri mai tauri kamar ƙulli alamar toshewa ce, wuri mai taushi kuma rami ne da mai naɗi ya bari, kuma a nan wuta za ta karkace. A sunsuna jikin, sannan a sunsuna buɗaɗɗen gindin, inda ƙamshin ganyen ciki yake fita. Busasshiyar ciyawa, fata, ƙasa da itace duk ƙamshi ne na lafiyayyen ganye. Zarni mai hawa ka kuwa yana nufin sauran amoniya bai gama fita ba, wato taba ba ta nuna ba, kuma maganinta a ƙara mata watanni a akwati.

Yanka kai yana son natsuwa. Da wuƙar yanka siga mai kaifi a cire kamar milimita 2 zuwa 3 daga hular, wato ɗan ganyen da ya rufe kan da ake sa wa a baki, a bugu ɗaya, ba tare da an wuce kafaɗar da kan ya fara lanƙwasa ba, in ba haka ba ganyen rufi zai warware a baki. Kafin a kunna, a zuƙi iska ta cikinsa sau biyu ko uku. Iskar ta zo da ɗan jan hali kaɗan, kada ta zo wayam, kada kuma kumatu su lotsa wajen janyo ta. Wajen kunnawa a yi amfani da laita mai gas ko doguwar ashana ta itace bayan kanta ya gama ci, domin laita mai fetur da kyandir suna barin warinsu a ganye. A riƙe gindin kusa da harshen wuta ba tare da ya shiga ciki ba, ana juya shi har gefen ya kama gaba ɗaya, sannan a kai baki a zuƙa a hankali.

A nan ne yawancin masu koyo suke ɓata gwajin. Zuƙa ɗaya a kowane minti, ko kusa da haka, ta isa. Wanda ya riƙa ja a kai a kai zai zafafa garwashin, man ganyen ya ƙone, ɗaci da maƙaƙi su rufe komai, sannan ya ce tabar ce ba ta da kyau. Ba a haɗiye hayaƙin siga zuwa huhu. Ana riƙe shi a baki daƙiƙa kaɗan, a bar shi ya zagaya harshe da dasashi da ganɗa, sannan a sake shi a hankali. Harshe ba ya gane abin da ya wuce zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri da daɗin romo, sauran duk aikin hanci ne. Shi ya sa masana suke fitar da kashin ƙarshe na hayaƙin ta hanci: a busar da mafi yawansa ta baki, a rufe leɓe, a tura ragowar da harshe zuwa baya ta fita ta kafofin hanci. Da farko yakan yi zafi har ido ya kawo ruwa, don haka a fara da ɗan kaɗan, sau ɗaya cikin zuƙa huɗu ko biyar. A nan ne yajin masoro, da kirfa, da gahawa, da garɗin gasasshiyar gyaɗa suke rabuwa da juna. Bayan hayaƙin ya fita a dakata a lura da abin da ya rage a baki, ko ya daɗe yana da daɗi, ko ya gushe nan take, ko ya bar bauri da bushewa. A ganina wannan saura ita ce shaida mafi gaskiya, domin ganyen da bai sha ajiya ba yana iya ruɗin mutum a zuƙar farko, amma ba ya iya ɓoye bauri.

An saba raba kara gida uku. Kashin farko ya fi sanyi, na tsakiya shi ne inda haɗin ganyen yake bayyana sosai, na ƙarshe kuma yakan yi nauyi saboda hayaƙin da ya ratsa ta cikinsa ya bar mai da kwalta. Karan da ake kira robusto mai tsawon inci 5 yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, wanda ake kira Churchill mai inci 7 kuma ya wuce haka da nisa. Abin nema shi ne ɗanɗanon ya riƙa sauyawa ba tare da wani ya danne sauran ba. Sanin asalin ganye yana taimakawa wajen sanin abin da za a sa rai, gama ganyen Estelí na Nikaraguwa an san shi da yaji da ƙarfi, na kwarin Jalapa da laushi da zaƙi, na Vuelta Abajo da ke lardin Pinar del Río a Kuba kuma da ƙamshin ƙasa da fata. Amma wannan jagora ne kawai, tunda masu haɗi sukan gauraya ganyen ƙasashe da yawa a kara guda.

Ana cikin haka ido yana kan wuta. Bakin ƙunar ya zama siriri kuma a miƙe, toka ta riƙe kanta har kusan inci ɗaya kafin ta faɗi. Idan gefe ɗaya yana gudu ya bar ɗayan, ko wuta ta nutse ta tsakiya ta bar rufi, akwai matsala a naɗi ko a laima. Farin toka bai kamata ya ruɗi kowa ba, domin launinta yana bin ma'adinan ƙasar da aka noma ganyen, kuma sigar Kuba masu daraja da yawa tokarsu ruwan toka ce mai duhu.

Ƙarfi kuwa a jiki ake jin sa, ba a harshe ba. Yana fitowa galibi daga ganyen ligero na saman tsiro wanda ya fi shan rana, yayin da seco na tsakiya yake ba da ƙamshi, volado na ƙasa kuma yake sa wuta ta ci daidai. Hayaƙi yana iya cika baki da kauri amma nikotin ɗinsa kaɗan, ko ya zo siriri ya sa jiri. Nikotin ɗin siga yana shiga jini ta fatar baki ko ba a haɗiye hayaƙin ba, babban kara ɗaya yana iya ɗaukar ganyen da ya kai na kwalin sigari guda, kuma rashin haɗiyewa ba ya kare mutum daga sankarar baki da maƙogwaro. Wanda ya ji zufa mai sanyi ko tashin zuciya ya ajiye karan nan take, ya sha ruwa mai sukari, gwajin wannan rana ya ƙare.

Idan ɗaci ya rinjayi, a kwantar da guntun a kan faranti ya mutu da kansa, domin murƙushe shi yana tayar da wari. A rubuta abin da aka gani tun bakin bai manta ba, naɗi daban, wuta daban, ɗanɗanon kowane kashi daban, ƙarfi daban. Tunda aikin hannu ne, kara ɗaya ba ya wakiltar kwali, sai an sha biyu ko uku daga cikinsa a ranaku dabam-dabam. Aibin da ya fito sau ɗaya na mai naɗin wannan karan ne, wanda ya maimaitu a dukkansu kuwa shi ne za a rubuta a kan haɗin.