Idan aka ɓata maka suna a Google, ga yadda za ka ɓullo wa abin

Sana'ata gina shafukan intanet ga ƙananan 'yan kasuwa, kuma masu zuwa wurina da wannan kukan yawancinsu mata ne masu sayar da kaya ta Instagram, wani lokaci malamin makaranta. An rubuta sunansu a Google, abin da ya fara fitowa ƙarya ce da wani maƙiyi ya kitsa. Abin yana ƙona min rai, domin na ga aure da ciniki sun lalace a kansa.

Google ba ya tantance gaskiya da ƙarya. Cikin abubuwan da yake dubawa akwai yawan shafukan da suka nuna hanyar zuwa wani shafi, da kalmomin da suka kira shi da su. A 2003 wasu a Amurka suka yi ta saka kalmomin zagi na gazawa a shafukansu suna nuna hanyar zuwa shafin tarihin Shugaba George W. Bush, har ya zama shi ke fara fitowa idan an nemi kalmomin. Sai a 2007 Google ya gyara tsarinsa.

Don Allah, kada fushi ya sa ka tura shafin a rukunonin WhatsApp kana cewa a ga abin da aka yi maka. Duk wanda ka tura wa, ka taya maƙiyinka talla ne. Ɗauki hoton shafin yadda adireshinsa da kwanan wata za su fito, ka buga a takarda, ka adana.

Idan masu shafin suka ce ka biya su cire, kada ka ba su ko sisi. Gobe za ka gan shi a wani shafin nasu. Google yana da fom na musamman don cire sakamakon shafukan da ke karɓar kuɗin gogewa. Idan lambar wayarka ko adireshin gidanka aka baza, yi amfani da Results about you, shafin Google na neman a cire irin waɗannan bayanai daga sakamakon bincike. Hotunan tsiraici da aka saka ba da yardar mai su ba, su ma ana cirewa. Ƙazafi zalla ya fi wuya, galibi sai da umarnin kotu, a nan kake bukatar lauya. A Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023 da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, da ke karɓar ƙorafi. Ka sani kuma, cirewa daga Google ba ta goge rubutun daga shafin da yake.

Aikin da ya fi ɗorewa shi ne ka cika shafin farko na Google da gaskiyarka, don kaɗan ne ke leƙa na biyu. Buɗe LinkedIn, shafin Facebook na sana'a, ka yi rajistar shagonka a Google Business Profile, ka riƙa rubuta abin da ka iya da cikakken sunanka. A nan mu Hausawa muke yawan tuntuɓe: Muhammad a nan, Mohammed a can, A'isha yau, Aysha gobe. Google na iya ɗaukar su mutane daban. Ka tsaya a kan rubutu ɗaya, wanda mutane ke neman ka da shi.

Wannan aiki na watanni ne, sai da haƙuri. Kafin nan, saka sunanka a Google Alerts, kyauta ne, zai aiko maka da imel idan ya ga sabon shafi ya ambace ka.