Mai tafiya ƙetare a babur: kada kwaɗonka ya taɓa ƙasa

'Yan uwa masu hawa babur zuwa Kwatano, Lome ko Ankara, ga shawara kan tsare babur daga ɓarayi.

In za ka kwana, zura sarƙa ta cikin firam da tayar baya, ka ɗaure a jikin ginshiƙi ko turken ƙarfe. Ja ta sosai, kwaɗon ya rataya a sama.

Dalili? Kwaɗon da ke kwance a kan siminti, guduma ake ɗora masa, ƙasa ta zama maƙera. Wanda ke lilo kuwa dukan ba ya kama shi sosai. Makullin kan babur shi kaɗai kada ka dogara da shi, ƙarti biyu sun isa su ciccibe shi su jefa a bayan mota. Tayar gaba ma kwance ta ba wuya.

Sai ka lulluɓe babur ɗin da tsohuwar tamfol, mai datti ta fi. Jaka ta bi ka ɗaki. Fasfo, takardun babur da katin rigakafin shawara, a jikinka ko banɗaki za ka.

Amma fa injin yankan ƙarfe ba ruwansa da wannan dabara. In unguwar ba mutane da dare, nemi masauki mai tsakar gida da maigadi, ka ba shi na goro tun da yamma.