Darasi na 7: Fitar da jemagu daga cikin silin

Jemage ba ya huda katako ko siminti kamar ɓera. Kafar da ya tarar a buɗe yake bi, kuma tsagar da faɗinta bai wuce santimita 1 da rabi ba ta ishe shi shiga. Saboda haka aikin duka na toshe kafa ne, amma sai bayan sun fita.

Gano kafar

Dab da faɗuwar rana ku tsaya mutum biyu ko uku, kowa a kusurwa ɗaya ta gidan, ku zuba ido a kan rufin har duhu ya yi. Ku maimaita kwana biyu. Da safe ku duba inda kwano ya haɗu da bango, da ƙoƙuwar rufi, da ramukan shan iska. Bakin kafar da suke bi yakan yi baƙi saboda maiƙon jikinsu, a ƙasa kuma za ku ga kashi. Kashin jemage yana marmashewa in an danna shi da tsinke, na ɓera kuwa tauri gare shi.

Ƙofar fita ba komowa

Ku fara da toshe duk ƙananan tsagogi da siminti, katako ko ragar waya mai ƙananan idanu, ku bar manyan kafofin. A kan kowace ku rataya raga mai laushi irin ta taga. A kafe ta daga sama da gefe biyu, ta sauko kimanin santimita 60 ƙasa da kafar, a bar gindinta a sake. Jemage zai sulale ta ƙasa ya tashi. In ya dawo, saitin ramin yake nufa, sai ya tarar da raga. Kada a ɗaure ta tamau, za su maƙale. Ku bar ta dare 7, domin ba kullum dukansu ke fita ba, musamman in ana ruwa ko sanyi. Sannan a cire, a toshe ramin a ranar.

Nan ne aka fi yin kuskure: kafin ku rataya raga, in kun haska tocila cikin silin kun ga 'ya'yan jemagu maƙale, ku dakata makonni 6. Ba su iya tashi ba tukuna. In aka hana iyayen shiga, 'ya'yan za su mutu a ciki, wari da ƙudaje su cika gida. Guba ma haka take jawowa, hayaƙi kuma yana iya haddasa gobara. A ƙasashe da dama ma doka ta hana kashe jemagu.

Kwashe kashin

Ku sa takunkumin hanci da safar hannu, ku yayyafa ruwa kafin shara, domin ƙurar busasshen kashin tana iya jawo ciwon huhu. Kada a kama jemage da hannu tsirara. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya tafi asibiti a ranar, ko da raunin bai kai bakin allura ba: jemage na iya ɗauke da ciwon haukan kare.